Ragunan Da Na Ɗinka Wa Nura

Kwanan baya wasu samari biyu masu tura fim da littafi a waya suka tsaya a rumfata a kasuwar Yako, suna kallona ina ɗinke wani littafi da bangonsa ya rabu da shi. Ɗayansu ya ce, "Baba, wannan ai ba sana'a ba ce, hutu ne. Ka ba da littafi, a karanta, a dawo maka da abinka." Ban amsa masa ba, don zare yana bakina. Da malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuto labarin abin da yake ci da shi, sai na ce to, ga amsar yaran nan. Sunana Isiyaku, a Kiru nake, an fi sanina da Isiyaku Mai Akwati. Hayar littattafan Hausa nake bayarwa, ina kuma ɗinke waɗanda suka yage. Na haura shekara ashirin a kai, kuma mafi yawansu na yi su ne ban san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Aikin farko da maigidana Baba Sale ya ba ni a kasuwar Tudun Wada shi ne dama ƙulli, wato gam ɗin da ake manna bangon littafi da shi. Garin rogo ake tankaɗewa, a dafa shi ya yi kauri kamar kokon da ya huce, sannan a zuba ruwan ganyen darbejiya. Ranar farko na manta da darbejiyar. Bayan kwana huɗu muka buɗe akwati muka tarar kyankyasai sun yi walima da bayan littattafai. Baba Sale bai yi faɗa ba, ya dai tsinko ganyen ya ce in tauna don in riƙa tunawa. Har yau in na ga bishiyar, bakina yakan yi ɗaci. Daga ƙulli sai huji: ƙusa siririya, 'yar guduma, da katakon da ake ɗora littafi a kai. Huji biyar ake yi. In ka matsa ciki da yawa, ɗinki ya cinye farkon kowane layi, mai karatu ya yi ta kintace. In ka matsa waje, takarda ta zame. Sai basilla da zaren buhu, sai bango na kwalin sabulu, a manna hoton asali a kai in ya tsira, a lulluɓe da farar leda. Wata shida ina wannan kafin ya bar ni na taɓa littafin da mutane suke nema.

Ranar da ya fara bar mini rumfa ni kaɗai, ya tambaye ni, "Isiyaku, ka iya karatu?"

Na ce, "Baba, allo na yi. Boko ban je ba."

Ya ce, "Ba komai, amma kada ka gaya wa kowa. Duk wanda ya zo, abu ɗaya zai tambaye ka: yana da daɗi? In ka ce ba ka sani ba, ya tafi ke nan. Zo in koya maka wani karatun."

Ya ɗauko littafi ya rufe shi, ya nuna mini bakin takardun. Wannan shi ne ainihin sana'ar, ku samari, don haka ku lura. Littafin da bakinsa ya yi baƙi tun daga farko har ƙarshe, an karanta shi har ƙarshe. Wanda baƙin ya tsaya a tsakiya, marubucin ya yi barci a tsakiya, masu karatu suka bi shi. In ka ga ɗigon manja a shafi, mace ta kasa ajiye shi har a gindin murhu. In yana ƙamshin ƙauri, tuwon wani ya ƙone a kansa, wannan sai ka ce na ɗaya ne. Shafin da ya yi kumburi ya bushe, ko dai hawaye ne ko fitsarin jariri, hanci ne yake raba gardama. Shafin da mutum biyar suka naɗe kusurwarsa a wuri ɗaya kuwa, Baba Sale ba ya ba 'yan mata wannan littafin, ba ya kuma tambayar me ke ciki.

Bayan ido sai kunne. Duk wanda ya dawo da littafi, in ce masa, "Yaya ka gan shi?" In yi shiru ya zuba. Abin da na ji a Yako in kai shi Ƙofa, na Ƙofa in kai shi Tudun Wada, ina faɗa ina girgiza kai kamar ni na kwana ina karantawa. Da Baba Sale ya tsufa ya bar mini akwatin ƙarfensa, na fara da keke, daga baya na samu babur. An san ni da cewa ba na yaba littafin banza. Gaskiya ne kuwa, don hannun mutane ba ya ƙarya.

Kowane gari da abin da yake so. Masu haƙar ma'adini a Riruwai littafin faɗa suke so, a yi gudu a yi kamu, in an fara zancen soyayya sai su tsallake. A can wani mai shayi nake bar wa 'yan littattafai, in zo bayan sati biyu ko uku in canza. Teloli suna son mai tsawo, wanda ɗaya zai karanta sauran suna taka keke. Akwai wani dattijo makiyayi a rugar bayan Kiru da yake karɓar wa jikokinsa littattafan yara masu hoto. Shi ma bai iya karatu ba, amma bai taɓa ɓoyewa ba. Wata rana ya dawo mini da ɗaya ya ce, "Wanda ya zana saniyar nan bai taɓa tatsa ba. Dubi inda ya sa mata hantsa." Na duba, na ga da gaskiyarsa. Wannan ra'ayin ma na ɗauka na yi ta yawo da shi.

Amma Ƙofa ce cibiyar cinikina. Matan garin suna karatu kamar ana biyansu. Ni ba na shiga gida, iyakata zaure. Wata tsohuwa dillaliya, Iya Abu, ita take ɗaukar littattafai a kwallarta tare da atamfa da kwanuka, ta zaga gidaje, ta dawo mini da waɗanda aka gama, da duk abin da aka faɗa a kansu. Sannan akwai Malama Rakiya, malamar firamare ce, da yamma kuma tana koya wa matan aure karatu. In ta ce littafi ya yi, sai an yi layi a kansa. In ta taɓe baki, ya mutu. Da mutum ma haka take.

Shekarar da ta fi mini muni, abu biyu suka haɗu. Na farko waya. Kamar wasa 'yan mata suka fara karanta labari a waya, teloli suka samu mai karanta musu a cikin waya ba gajiya ba shan ruwa. Garuruwana suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama Ƙofa da Riruwai kaɗai ke riƙe da ni, ita ma Riruwai da ɗan yatsa. Na biyu ruwa. A tsakiyar damina, ina dawowa daga Doguwa, na zo wani rafi da na saba ƙetarewa. Na ga ruwan bai kai gwiwa ba, na ce ba sai na sauke akwati ba. Babur ya taka dutse ya kwanta, murfin akwati ya buɗe. Na yi ta bin littattafai a cikin ruwa kamar mai kamun kifi da hannu.

Kwana uku ni da matata muna shanya takardu a tsakar gida, muna danne su da duwatsu. Ƙulli ya jiƙe, bango ya saki, waɗanda ba ɗinkina ba ne duk suka warwatse. Rana ta uku iska ta taso ta yi mana rabon da ta ga dama, akuyar maƙwabta kuma ta ci nata kason. Na zauna da tarin takardu, ba ni da wanda zan tambaya ba tare da asirina ya tonu ba. Abin da na sani shi ne lamba, don ɗan kasuwa ko bai je makaranta ba ya san lamba. Sai na riƙa haɗawa da lambar shafi, da girman takarda, da kalarta, da kaurin tawada.

Akwai wani tsohon littafi da ya daɗe a ƙasan akwati, mai hoton babbar mota a bango. Na san labarinsa daga bakin mutane: wani direba ne mai suna Nura yake son wata ma'aikaciyar asibiti. Baƙin bakinsa a tsakiya ya tsaya, shi ya sa na daina fito da shi. Bayan ruwan na same shi ya tsaya a shafi na tamanin da takwas. Na tona tarin na samu wasu takardu takwas da suka fara daga tamanin da tara. Girma ɗaya, kala ɗaya, tawada ɗaya. Na huda, na ɗinke, na yi masa sabon bango mai kyau. Tunda kaya sun yi ƙaranci, na saka shi a kwallar Iya Abu.

Sati na zagayowa Iya Abu ta tare ni tun ban kashe babur ba.

"Ɗan nan, ina ka ɓoye wannan littafin duk shekarun nan? Gari ya kama da wuta. Ashe Nura ɓarawo ne!"

Na ce, "Ai na gaya miki, Iya," alhali ban gaya mata komai ba.

Sai ta zuba mini. Wai Nura ya yi ta yi wa yarinya daɗin baki har shafi tamanin da wani abu, ya yi mata alkawarin zai je ya dawo, ya shiga mota ya kama hanya. Ana juya shafi sai ga shi a shingen 'yan sanda, an buɗe bayan mota an tarar da ragunan sata ana jibi Sallah. Aka kai shi gaban alƙali, aka ɗaure shi. Ita kuwa yarinyar ba a sake ambatonta ba ko sau ɗaya, matan suka ce marubucin yana da kunya, bai so ya tozarta ta ba.

Littafin nan ya ci kasuwar da ban taɓa gani ba. Waɗanda suka koma waya suka dawo, don sun nema a waya ba su samu mai irin wannan ƙarshen ba. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin har shafin ƙarshe, manja, ƙauri, komai ya samu. Ni kuma duk inda na tsaya sai in ce, "Marubucin nan ya san halin maza." Shi ya riƙe mini Ƙofa a shekarar nan.

Wata la'asar Iya Abu ta ce Malama Rakiya tana nemana. Na same ta a zaurenta, littafin yana kan cinyarta. Muka gaisa, ta tambayi iyali da hanya da damina, ta sa aka kawo mini ruwa.

Ta ce, "Malam Isiyaku, ina son jin ra'ayinka a kan wannan. An ce ka yaba shi."

Na gyara zama. "Malama, ai tun farko in kin lura da yawan rantsuwarsa, kin san da wata a ƙasa."

"Haka ne. Wurin da kada ya kama shi a kogi fa?"

Ba wanda ya taɓa ba ni labarin kada, amma na ce wataƙila mata ba su damu da wurin ba. Na ce, "Ai wurin ne ya fi taɓa ni. Yadda ya yi ta kokawa da shi, ruwa ya yi ja. Marubucin ya yi ƙoƙari."

"Ya yi kam. Da jirgin saman da ya faɗo a gonar surukinsa?"

Na ce, "Shi ma... Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba."

Ta rufe littafin a hankali. "Malam Isiyaku, babu kada. Babu kogi. Babu jirgi, babu ma suruki. Na karanta littafin nan tun ina makarantar horon malamai, shi ya sa ban neme shi ba sai da na ji ana zancen raguna. Nuran da na sani bai saci ko kaza ba, aure ya yi. Waɗannan ragunan na wani Nuran ne, a wani littafin. Yaya aka yi suka shigo motarsa?"

Na duba ƙasa, na duba rufin zaure. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Malama, lamba ta yi daidai. Tamanin da takwas, tamanin da tara."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ni ban yi ba, don na san in maganar nan ta fita daga zauren nan a bakinta, akwatina ya gama zuwa Ƙofa, in ya gama zuwa Ƙofa kuwa ya gama zuwa ko'ina. Mutumin da ya shekara ashirin yana cewa "wannan ya taɓa ni", a ji bai san ko baƙi ɗaya ba.

Da ta share hawayenta ta ce, "Ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa, a gaban ɗalibaina. Amma ba yau ba, sai ranar da za ka iya karanta musu ƙarshen gaskiya da bakinka. Yana nan jikin wani littafin naka, ka nemo shi. Na ba ka damina biyu. In ka wuce, ni zan faɗa, kuma ka san yadda nake faɗar abu."

Na ce, "Littafin fa? In janye shi?"

Ta ce, "A'a, bar shi ya yi ta yawo. Ina jin daɗin gardamar."

Haka na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kiru, bayan la'asar, kwana uku a sati. Na gaya wa mutane ajami nake son in haɗa da boko, don in ƙara gogewa. Malaminmu ya ce mu fara da littattafan yara. Mai sana'a ba ya rasa dabara: na cire bangon wani ƙaton littafin soyayya na lulluɓa wa littafin wani jaki da ya ƙi hawa gada. Ina zaune a rumfa ina haɗa baƙi da baƙi, gumi yana zuba, masu wucewa suna cewa, "Kai, Mai Akwati ba ya gajiya da karatu." Sati uku na yi kafin jakin nan ya haye gadar.

Yanzu da na iya, ina da ra'ayina na kaina, wanda ban aro a bakin kowa ba, kuma zan faɗe shi. Littafin yara ya fi na manya wahalar rubutawa. Yaro ba ya kara. In ya so littafi zai tauna kusurwarsa, ya kwana a kansa, ya sa a karanta masa sau goma, in ka canza kalma ɗaya ya kama ka. In bai so ba, ko shafi na biyu ba zai kai ba. Na lura da wani abu tun kafin in iya karatu: a littattafan yara da yawa shafin ƙarshe fari yake fes. Da na iya sai na gane dalili. A nan ne marubuci yake ajiye labari ya hau wa'azi, yara ku zama masu biyayya, yara ku guji ƙarya. Yaron ya riga ya gane tun jaki yana kan gada, ya tashi ya tafi wasa. Sannan masu zane su riƙa zuwa ƙauye. Yaro a Yako ya buɗe littafi ya ga gida mai bututun hayaƙi a kan rufi da kare a kan kujera, sai ya ɗauka karatu na wasu mutane ne can.

Na manya kuwa, laifinsu ɗaya ne babba: kayan ɗaki. Mutum zai shiga falo, sai a tsayar da shi a bakin ƙofa shafi uku ana faɗa maka kalar labule da laushin kujera da sunan turare. Ni ina son in san me ya kawo shi. Ba mai noma a cikinsu, ba wanda babur ɗinsa yake mutuwa a hanya, kowa ubansa yana da kamfani. Sunayen jarumai kuma kamar guda biyar ne a duniya, ana ta karɓa-karɓa, wanda shi ya jawo mini abin da ya jawo. Amma akwai nagari, ba zan ci amanarsu ba. Nagarin su ne waɗanda mutanen ciki suke magana yadda ake yi a tsakar gida, har ka ji kamar ka san uwar yarinyar. Abin da ya ba ni mamaki, duk wanda na karanta na ce ya yi, in na juya bakinsa sai in ga baƙi har ƙarshe. Baba Sale bai cuce ni ba.

A Riruwai na samu ƙarshen da nake nema, a teburin mai shayi, ana cikin damina ta biyu. Littafin wani gawurtaccen ɓarawon dabbobi ne, shi ma Nura. An yi ta binsa daji daji har shafi na tamanin da takwas, ya loda raguna ya kama hanya. Ana juya shafi sai ga shi ya iso gari da arziki, ana guɗa, an ɗaura masa aure da wata ma'aikaciyar asibiti da ba a taɓa jin labarinta ba. Ashe bayan ruwan nan musanya na yi, na ɗinka wa kowane Nura ƙarshen ɗan'uwansa. Sai a lokacin na gane abin da masu haƙa suke nufi da suke cewa, "Wannan marubucin bai yi ƙarya ba, a zamanin nan ɓarawo ne ke auren 'yar mutunci." Wannan ra'ayin ma na yi kusan shekara biyu ina tallarsa.

Na ɗauko shi, na karɓo na Ƙofa, na sa reza na farke su duka biyu, na mayar wa kowa da ƙarshensa. Na yi sati ina maimaita shafuka takwas ɗin nan a bayan gida, har matata ta haddace su.

Ranar da na je, ajin Malama yana barandar makaranta, mata sun fi ashirin a kan tabarmi, Iya Abu tana gefe da kwallarta. Na tsaya nesa kaɗan na yi sallama, na gaishe su. Sannan na faɗa musu komai, tun daga Baba Sale har rafin Doguwa. Sai wata dattijuwa, Hajiya Ladi, wadda ta fi kowa karɓar haya, ta gyara mayafi.

"Wato duk shekarun nan da kake aiko mana cewa wannan ya taɓa ka, wancan ya taɓa ka, me yake taɓa ka?"

Na ce, "Dattin hannunku, Hajiya."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka duba tafin hannunsu. Iya Abu ta ce, "Ni fa tun tuni na sani. Mutum ya riƙa shinshina littafi kamar mai sayen daddawa?"

Hajiya Ladi ta ce, "Kika sani kika yi shiru, Iya?"

"Wa ya tambaye ni?"

Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Bismillah, Malam Isiyaku. Karanta musu."

Na buɗe shafi na tamanin da tara, na sa yatsa a ƙarƙashin layi, na fara. Nura ya dawo da arziki. Aka kai lefe, aka faɗi abin da ke cikin kowane akwati. Aka yi jere, aka faɗi gado da madubi da labule. Na yi tuntuɓe a sunan wani turare, Malama ta ɗago ni. A shafi na huɗu wata ta yi hamma da ƙarfi. A na shida wata ta tashi wai za ta duba wake a wuta. Na kai ƙarshe, amarya ta tare, suka zauna lafiya. Na rufe littafi na tsaya ina jiran hukunci.

Hajiya Ladi ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya. Wannan ne na gaskiya."

"Karatu dai ka iya, Allah ya ƙara basira. Ƙaryar da ka yi mana kuma, tunda ba ka taɓa ba mu littafin banza ba, mun yafe. Amma wannan fa ba za mu karɓa ba. Shekara biyu muna zagin Nura, har a gidan suna, yanzu ka ce mu ba shi haƙuri? Ina ragunan?"

Na ce, "Suna jikin mai su, Hajiya, a cikin akwati."

"To ciro su ka mayar masa."

Na duba Malama, ina tsammanin ita malama ce, za ta tsaya wa marubuci. Ta kawar da kai tana danne dariya da gefen mayafi, ta ce ita ba ruwanta, masu karatu sun yi magana.

A barandar nan na zauna na fito da reza da basilla, mata suna tsaye a kaina kada in yi musu wayo. Na farke ɗinkin da na yi sati ina alfahari da shi. Wata ta riƙe mini zare, wata tana duba lamba, Iya Abu tana lissafa layin masu jiran haya da ka. Ɓarawon ya koma Riruwai da amaryarsa. Direban kuwa yana Ƙofa a gidan yari har yau, kowace mace a garin ta san bai saci ko akuya ba, kuma ba wadda take so a sake shi.